Mahaifiyata ta samu sauƙi bayan aikin zuciya, amma sauƙin ne yake ba ni tsoro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, musamman iyayenmu mata da likitoci in akwai, wallahi abin nan ya hana ni sakat.

Ni ɗan cikin birnin Zariya ne, wajen Limancin Kona, kuma ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. Duk wanda ya san gidajenmu na cikin gari ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta haɗa ido da ni, ba ta hira da ni, in tana son wani abu a wurina sai ta faɗa wa Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu marigayi da suke zaune tare, ita kuma Gwaggo ta faɗa min, ko da kuwa ina durƙushe a gabansu. Haka na taso, ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Ƙannena duk mata ne suna aure a nesa, don haka ni ne mai kai ta asibiti.

Inna ta daɗe tana fama da ƙwannafi da gajiya da haki, muna ta sayen maganin olsa a kyamis, ashe jijiyar zuciya ce take toshewa. Ba mu yi tunanin zuciya ba saboda mun ga yadda ta yi wa Baffa Sani, ƙanin mahaifinmu. Shi a kasuwar hatsi ya dafe ƙirji ya faɗi, aka kwashe shi sai Abuja, aka zura masa wani ɗan siririn ƙarfe aka buɗe jijiyar. Kafin ka ce me ya koma hawa mashin ɗinsa, har tsire yake ci a ɓoye. Da aka gano nata ciwon muka kai ta asibitin da aka yi masa, aka yi mata irin aikin.

Ranar sallama likitan ya ja ni gefe, ya ce kada mu yarda mu auna ta da Baffa. Ita mace ce, ta girme shi nesa ba kusa ba, jijiyoyinta sun fi nasa sirantaka, ga shi ciwon ya daɗe yana cin ta kafin a gane. Ya ce maganin tsinka jinin da zai ba ta ya fi sa tsofaffin mata zubar jini, in mun ga haka mu gaya masa, amma kada a kuskura a daina ba ta ba da saninsa ba, domin jini zai iya daskarewa a cikin ƙarfen, kuma abin ba ya sallama.

Muna dawowa jikinta ya fara yin tabo baƙi-baƙi, in ta yi asuwaki sai jini. Wannan kowa ya gani. Amma ni na lura da wasu abubuwan, kullum zannuwanta suna shanye a igiya, ta daina zuwa karatun mata na maƙwabta, Alƙur'aninta da ba ya rabuwa da cinyarta aka naɗe shi aka ɗora bisa durowa. Matar da ta yi shekaru da daina al'ada fa. Da muka koma ganin likita ya tambaye ta ko tana ganin jini, ta ce lafiya lau alhamdulillahi. Na fita na ba su wuri, amma likitan ma namiji ne sa'an ɗanta, daga baya ya ce min abin da ta maimaita masa ke nan.

Shi kuwa Baffa kullum ya zo dubiya sai ya ce raki ne irin na mata, ai aiki ɗaya aka yi musu, ga shi nan garau. Rannan a gabanta yake cika baki wai shi sai ya ga dama yake shan ƙwayar, kuma ba abin da ya same shi. Na biyo shi zaure na roƙe shi ya daina faɗin haka, ya ce boko ya sa na raina shi, har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau.

To ba a jima da wannan ba sai Inna ta warware. Tabon ya ɓace, wanki ya ragu, Alƙur'ani ya sauko, har sadakar waina aka yi. Kowa yana barka, ni kuwa ina zargin ta daina shan maganin ne. Katin maganin yana raguwa yadda ya kamata, ban musa ba, amma a da a gabana Gwaggo take ɓallo mata, yanzu ko da sassafe na zo ko da hantsi amsar ɗaya ce, ta riga ta sha. Kuma hakin nan ya dawo, da kunnena na ji ta tsaya tana mayar da numfashi tsakanin ɗakinta da bayi.

Shekaranjiya na tsare Gwaggo, na ce ta dubi girman Allah ta gaya min gaskiya. Ta hau ni da faɗa, wai ba ni da kunya, ina ruwan ɗa namiji da sha'anin mata. Da na ƙi tafiya sai bakinta ya suɓuce ta ce, "Innarku ta ce gara ta koma ga Ubangijinta da tsarkinta." Tana faɗa ta kama baki, ta ce ita ba ta ce an daina shan komai ba, kuma in na tayar da maganar ba ta yafe min ba.

Na kira likitan, ya ce in kawo ta da gaggawa, za a iya sauya maganin, kuma dole a duba daga ina jinin yake. Inna ta aiko Gwaggo wai ta warke, ba inda za ta. Na tura matata, Inna ta ba ta goro ta shiga tambayarta yara. Ƙannena a waya lafiya lau take ce musu.

Jama'a yaya zan yi? In nemo malama ta yi mata bayanin hukuncin irin wannan jinin, alhali za ta gane asirinta ya fita waje, kuma ta hannuna? In haɗa ta da dattawan gida, ga Baffa a cikinsu? Ko in cire kunya in shiga in tambayi uwar da ta haife ni abin da ke fita daga jikinta? Yau da safe na je da niyyar haka, na durƙusa na gaishe ta, ina jin numfashinta yana sama-sama, na ce Inna yaya jiki, ta ce da sauƙi, na ce Allah ya ƙara sauƙi na tashi na fito. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya min da wace kalma ake farawa.