Hannun Rigar da Ya Taɓa Ƙwallo

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da su Tasalla. Yaya damina? Gero ya yi kyau bana? Ni nan Ingila lafiya lau. Sanyi ne kawai ke tsattsaga min hannu, amma na fara sabawa, kada ki sa abin a rai.

Yaya Tasi'u ya ce min Baba ya ɓata rai da aikin da nake yi bayan karatu, wai na koma gidan caca irin teburin sunuka na Sharu a kasuwar Bukkuyum. Inna, shara da guga nake wa ƙyallen teburin sunuka, a zauren da anka yi babbar gasar ƙwararru makon jiya.

A wasan ƙarshe wani dattijo da wani saurayi ɗan Sin sunka yi kunnen doki, takwas da takwas. Saura kaɗan dattijon ya ɗauki kofi, ya duƙa zai buga da sanda, sai ya miƙe ya ce wa alƙalin wasa hannun rigarshi ya taɓa ƙwallo, wanda laifi ne a dokar wasan. Ba wanda ya gani, har ni da ke kusa. Anka ba saurayin maki, ya cinye gasar. A wurin Sharu, da rantse-rantse za a yi har magariba.

Ki ba Baba labarin nan in ya ci tuwo ya natsu. In ya ce in bar aikin, zan bari. Amma tun da na baro gida ban ga wanda ya tuna min da Baba ba sai dattijon nan.

A sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Namadi