Numfashi Uku

Dakoro, 9 ga Maris, 1964

Zuwa ga jikata Hawwa'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da 'yan ajinku a Yamai. Ni lafiya, sai ƙafafu da suka ƙi ni. Tun rasuwar kakarki ban leƙa kasuwa ba.

Amaryata, ashe sai lissafi ya matsa miki kike tuna tsohon mijinki. Kin ce egzama ta kusa, kuma in kin faɗi za a maido ki gida. Kin tambaye ni wace hanya ta fi ga lissafin da x ke ninka kanta, fasawa ko delta.

Duba x² − 7x + 12 = 0. Nemi lambobi biyu, in an tara su bakwai, in an ninka goma sha biyu. Uku da huɗu. An gama, kamar dillalin da ke sanin rago da kallo ɗaya. Delta kuwa igiyar rijiyar Dakoro ce, doguwa, tana gajiyar da hannu, amma ba ta dawowa ba labari.

Ga abin da ko babanki bai sani ba. Shekara arba'in da suka wuce, a jarrabawar shiga babbar lakwal, wato makarantar gaba, mushe malaminmu ya rubuta goma sha ɗaya a wurin goma sha biyu. Ni da ake kira mai ido, na ƙi taɓa delta don girman kai. Ina ta neman lambobin da babu su har aka karɓe takardu. Shi ya sa na ƙare a ƙaramin aji, ba ciwon da na ce na yi ba.

Ki ba ido numfashi uku. In bai fashe ba, ki saki igiya.

Ki gaida mai kula da ku. Kakanki,
Mainassara

Dakoro, 2 ga Yuli, 1964

Hawwa'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gajiyar karatu? Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau huɗu.

Kin zo ta biyu cikin talatin da takwas. Alhamdu lillahi.

Amma kin saɓa mini. Kin ce ko numfashi ɗaya ba ki jira ba, delta kika kama, sannan kika tara amsoshin, kika ninka su don ki gwada, a nan kika gano kin yar da alamar ragi, kika gyara. Shekara arba'in ina auna wadda ta fi cikin biyun, bai taɓa zo mini ba cewa ɗaya na iya tsaron ɗaya.

Jiya na ɗauki sanda na tafi kasuwa, na huta sau uku a hanya. Na ba Isufu dillali labarin lissafinki, ya ce bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ya saurara har ƙarshe.

Ga tsohon kayena, littafin da nake rubuta lissafi. Shafin ƙarshe akwai mai goma sha ɗayan nan, ban taɓa ƙarasa shi ba. Ki ƙarasa, ki aiko mini in gani.

Allah ya yi miki albarka. Kakanki, ɗalibinki,
Mainassara