Tsinken Tsire a Wuyan Rakiyatu

New Bell, Duwala

Baba,

Gaisuwa da ladabi, da fatan kai da Inna kuna lafiya. Tunda an yanke intanet a Bamenda, na ba direba wannan takarda.

Jikarka Rakiyatu ta faɗi da tsinken tsire a baki wajen tukubar babanta, ya soke ta a maƙogwaro. Jinin ya tsaya, amma wuyanta ya kumbura. Docteur, wato likitan asibiti, ya ce babbar jijiyar jini ce ta tsage, za ta iya fashewa kowane lokaci. Suna son zura wata 'yar raga ta ƙarfe, stent, daga cinya har wuya, ta toshe wurin daga ciki. Mijina Yusufa ya ce surukinsa wanzami ne, ba mai taɓa 'yarsa sai ka amince. Baba, ina jin tsoro.

'Yarka, Hapsatu

Bamenda

Hapsatu,

Bayan gaisuwa. Ciwo a wuya, a shiga ta cinya? Ko hanyar Bonaberi ba ta kai wannan zagaye ba. Mataccen jini ne ya taru. Tun ba a haife ki ba nake tsaga irinsa in kafa ƙaho. Kada a sa wa jikata ƙarfe. Litinin an hana fita, Talata ina tafe da zabirata.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki, Abdulsalami

New Bell

Baba,

Ina gaisuwa. An ce an tare hanya. Kumburin ya ƙaru, muryarta ta dushe. Yusufa ya ƙi sauraron kowa, kai yake jira. Don Allah ka zo, ko da a'a za ka ce, ka faɗa a gabanta.

Hapsatu

New Bell

Hawa'u, uwargida,

Ina gaishe ki. Na iso, na wasa aska, na ɗora yatsa a kan kumburin in nemi wurin tsagawa. Sai na ji yana bugawa daidai da zuciyarta. Mataccen jini ba ya bugawa. Da na tsaga, da a hannuna za ta tafi. Na mayar da askar cikin zabira, na ce wa Yusufa na amince, muka kai ta asibiti.

An sa ragar. Docteur ya ce za a riƙa duba ta tana girma, ga magani kullum.

Jiya ta nemi tsire. Da hannuna na zare mata naman daga tsinke.

Ki gaida gida.

Abdulsalami