Takardar da Ta Warkar da Kawu Ilu

Roni, daren Laraba, tsakiyar damina

Kai, ka taɓa ganin dattijon da ya kai wa baƙo kukan ciwonsa? Yau malaman lafiya suka zo tantance waɗanda za a ba keken guragu, da takardu biyu: ɗaya tana tambayar yadda mutum yake ji, ɗaya abin da yake iya yi. Ta farko kawai suka cika, wai hadari ya taso. Kawu Ilu, da tun bara da rarrafe yake zuwa masallaci, ya ce, "Sai godiya, ɗana." Suka rubuta lafiyayye, keken guragu ya wuce shi. Na ɗaga murya, Kawun da kansa ya tsawatar mini! Barci ya ƙi zuwa. Dole ne wanda ya turo su ya fito tsakiyar kasuwa ya amsa mana: godiyar Allah ce laifinsa?