Baffa Ya Ce Sai Dai Ya Hau Tare da Saniyarsa

Assalamu alaikum Malam Yusha'u. Don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure, kuma duk wanda na gaya wa a tasha dariya yake yi mini.

Ni direba ne a Ruma, ina da tsohuwar a-kori-kura da nake kai hatsi kasuwar Batsari. Farin bara ya cinye garken mahaifina Baffa, shanu arba'in da ɗaya saura guda. Ita wannan gudar jikar karsanar da Innarmu ta zo da ita gidan aure ce, Allah Ya ji ƙanta. Baffa ba ya cin abinci sai ya ga ta ci. Yanzu ta rame, sai an kama mata wutsiya take tashi. Ƙanena Sahabi ya aiko daga Runka cewa wajensu akwai sauran ciyawa da ruwa, mu kawo ta. Ba za ta kai da ƙafa ba, bayan motata kuma ya yi mata tudu. Sai na aro ƙaramar tirela mai taya biyu wurin Uwaisu makanike a Safana.

Ranar da na ɗauko ta na ɗaure ta da igiya, na zuba buhunan gero a can ƙarshenta don gwaji. Ina gangarawa wani rafi ta fara lilo, tana jan gindin motar hagu da dama, na taka birki ta turo ni. Da ƙyar na tsaya.

To, Malam, Baffa ya ce shi cikin tirelar zai zauna ya riƙe mata kai, wai ba ta taɓa shiga mota ba, za ta tsorata. Ya haura saba'in. Tun da nake ban taɓa ce masa a'a ba. Jiya na je da niyyar magana, na tarar yana cire mata kaska yana yi mata hira da Fillanci, sai na gaishe shi na juyo. In na hana shi zan karya masa zuciya, in na bar shi ina tsoron abin da ba na iya faɗa. Yaya zan yi?

Ɗan Baffa, Ruma

Wa alaikumus salam Ɗan Baffa. Allah Ya ji ƙan Inna. Babu abin dariya a nan. Mahaifinka yana da gaskiya, saniyar za ta tsorata. Kai ma kana da gaskiya, mutum ba ya zama a tirela da dabba. In ta zame kansa za ta faɗa, kai kuma kana gaba ba ka sani ba.

Fara da motar. Igiya ba ta jan tirela. Uwaisu ya ɗaura maka ƙugiyar ƙarfe a jikin shasi, wato ƙarfen ƙasan motar, ya ƙara sarƙa, ya duba birki da tayoyi. Lilon da ka gani, nauyi ne ka tara a baya. Saniyar ta tsaya bisa saitin tayoyi, ta ɗan fi karkata gaba. Shimfiɗa mata yashi da kara, ka ɗaure ta gajere. Ku tashi bayan asuba kafin rana ta yi zafi, da garwar ruwa don lagireto. Kada ka wuce mil ashirin a awa. Gangara kuwa da babbar giya ta ɗaya ko ta biyu, in ta fara lilo ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ban da taka birki da ƙarfi.

Shi kuma Baffa, kada ka je masa da hani, je masa da roƙo. Ce masa idonka yana kan hanya, kana bukatar wanda zai zauna kusa da kai yana waiwayen saniyar ta gilashin baya, kuma babu wanda ya san ta kamarsa. Wannan ba dabara ba ce, gaskiya ce. Shi zai shigar da ita tirelar, shi zai ɗaure ta, ya bar mata tsohon mayafinsa ta riƙa jin ƙanshinsa. Ka yi masa alkawari duk inda ya ce tsaya za ka tsaya, ko sau goma ne, kuma ka cika.

Wataƙila tafiyar awa biyu ta ci muku wuni. Bar ta ta ci. Yaushe rabon da ka zauna da mahaifinka wuni guda kafaɗa da kafaɗa? Allah Ya kai ku lafiya ku uku, Ya sa ta tashi da ƙafarta a Runka.