Hoton Cigiyar Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Amarya da yara, ya kuma ci gaba da tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan jiki dai da sauƙi, zuciya ce ba lafiya. Hawan jinin Inna ya tashi, Gwaggo ta tare a gidan tana kwana da ita, ita ce ma ke lallaɓa ta ta sa wani abu a ciki. Kawu ya rufe shago, kullum yana kan babur daga wannan unguwa zuwa waccan, har ya yi baƙi ya rame. Baban yara ya ɗauki hutu a wurin aiki. Baba kuma har yanzu shiru. Mako ya zagayo tun safiyar da ya ɗauki sandarsa ya fita ya bar ƙofa a buɗe, ba mu sake sa shi a ido ba.

Na zauna na rubuta wannan da hannuna, zan ɗauke ta a hoto in turo maka, domin a waya ba ka barina in kai aya. Sau biyu kana kashe mini waya ina tsakiyar magana, Auta. Ni! Ni da na goya ka har ka iya tafiya, na sha duka a kan ɓarnar da kai ka yi. To, takarda dai ba ka da yadda za ka katse ta. Ka karanta har ƙarshe, in ka gama ka yi fushin da kake so.

Ka tuna ranar da abin ya faru, 'yan sanda suka ce mu kawo hotonsa na kwanan nan. Muka birkice gidan kaf, ba mu samu ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye Baba ya hana a ɗauke shi hoto, ko jikokinsa suka ɗaga waya sai ya ja hula ya rufe fuska. Abin da muka samu sai na jikin tsohon lasisinsa na tuƙi, lokacin gashinsa baƙi wuluk. Sai ka ce kana da ɗaya. Ka ce ranar da na sa masa waya a gaba kuna kiran bidiyo, ka ɗauki hoton fuskar wayar bai sani ba, sai dai hoton ya yi dishi-dishi, amma za ka sa wannan manhajar taku ta ƙirƙirarriyar basira ta gyara shi. Kafin la'asar ka turo takardar cigiya a shirye, da lambobinmu a ƙasa. Ba zan ci haƙƙinka ba, ka yi ƙoƙari. Kafin gari ya waye hoton ya shiga wayoyin mutanen da ko sunanmu ba su taɓa ji ba, Kawu kuma ya buga ya manna a tasha da kasuwa da ƙofar asibiti.

Amma Auta, don Allah wane ne a hoton nan? Na ga dattijo mai cikar kumatu, baki a miƙe, haƙora reras, idanu biyu tar, gemu fari fat a gyare kamar yanzu ya tashi daga gaban wanzami. Har riga sabuwa manhajar ta ɗinka masa, da hular da ba mu taɓa gani a gidanmu ba. Baban da ya fita daga ɗakinsa bakinsa a karkace yake ta hagu, idon dama yanar ido ta rufe shi ya yi fari, haƙoran gaba biyu babu tun faɗuwar da ya yi a banɗaki, yana jan ƙafa, sanye da tsohuwar rigar sanyin nan ruwan ƙasa da ya hana a wanke. Na faɗa tun a ranar cewa wannan ba shi ba ne. Inna ta karɓi wayar ta rungume tana kuka, ta ce wannan ne mijinta, haka ta san shi, kada wanda ya taɓa mata hoton. Kawu ya ce lokaci na tafiya, in bar gardama. Aka yi mini taron dangi, na haƙura.

Daga nan waya ta dinga ruri. Wannan ya ce ya gan shi a masallaci, wancan ya ce yanzun nan ya shiga kantin magani. Duk inda muka ruga sai mu tarar da wani dattijon kirki yana harkar gabansa. Kawu har ya riƙe hannun wani a ƙofar banki saboda masu kira sun rantse shi ne, 'ya'yan mutumin suka taso masa, da ƙyar masu gadi suka ƙwace shi. Gari duka ya tashi tsaye yana taya mu nema, Allah ya saka musu, amma mutumin da ka ba su suke nema, shi kuwa ba a taɓa haihuwarsa ba.

Jiya na ce bari in bi tashoshi da ƙafata, tunda Baba rayuwarsa duka a kan sitiyari ya yi ta, kuma tun da ruɗewar tsufan nan ta kama shi ba ya zancen komai sai lodi da hanya. Na je har tashar manyan motoci ta bakin gari. Takardar cigiyarka tana nan manne a jikin ginshiƙi, dab da rumfar wata mata mai sayar da abinci. Ban nuna mata hoton ba, ban ma san abin da ya hana ni ba. Da baki na kwatanta mata. Na ce tsoho ne, bakinsa ya karkace, ido ɗaya fari, maganarsa ba ta fita sosai, kuma in ya ga mota a tsaye sai ya bi tayoyinta yana ƙwanƙwasawa da sanda. Auta, ludayin hannunta ne ya faɗi cikin tukunya. Ta dafa ƙirji tana salati. Ta ce ai wannan tsohon kwana biyu ya yi a rumfarta, a kan bencin da nake zaune a kai. Ta ce ita ke jiƙa masa burodi a shayi saboda ba ya iya tauna, kuma direbobi har dariya suke yi in ya ƙwanƙwasa taya ya girgiza kai, wai iska ta yi ƙasa.

Na tambaye ta, ya aka yi ba ta kira mu ba, ga lamba a gaban idonta? Ta ce wallahi zuciyarta ta raya mata. Ta ce ita da 'yan dako har sun kama hannunsa sun tsayar da shi a jikin ginshiƙin, suna duban takarda suna dubansa. Ɗaya daga cikinsu ya fara danna lambar, sauran suka ce ya bari kada ya tayar wa mutane hankali a banza, na jikin takarda babban mutum ne ɗan gata, wannan kuwa bawan Allah ne da hanya ta daɗe da cinyewa. Ka ji fa. Ubanmu ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da hotonsa, aka duba aka ce ba shi ba ne. Shekaranjiya da safe ta zo buɗe rumfa ta tarar ba ya nan. Wani ya ce ya ga ya hau bayan wata motar kaya, wani ya ce a ƙafa ya gan shi ya miƙe babban titi. Matar ta riƙe ni tana ba ni haƙuri tana hawaye, ni kuwa sai a ƙasa na zauna cikin baƙin mai da ƙura. Ban taɓa jin haushinka irin na wannan lokacin ba, gara in faɗa maka gaskiya.

Daga tashar ban koma gida ba, na wuce shagon mai hoton da ya buga wa Kawu takardun. Na ce masa tunda na'ura ce ta gyara, na'ura ta mayar. Ya zaunar da ni kusa da kwamfuta, ina faɗa yana rubuta mata. Na ce a karkatar da baki, ta karkatar da shi ta dama. Muka ce hagu, ta ja shi har kusa da kunne, abin tsoro, sai da na kau da kai. Na ce a sa yana a ido, ta mayar da idon fari fat kamar ƙwai. Na ce a rage kumatu, a cire haƙora biyu, ta fito da wani tsoho dabam mai dogon hanci. Duk gwajin da muka yi sai mutumin ya ƙara nisa da mu. Ciwon Baba duk ga shi a fuskar, amma Baba ba ya ciki. Mai shagon ya gaji ya ce mini, Hajiya, abin nan ba ta san mahaifinku ba, inda duk ta ga bai fito ba cikewa take yi da fuskokin wasu mutane, kuma abin da ta riga ta shafe ba ta da inda za ta samo shi. Ya ce in kawo na asalin komai dishi-dishinsa, haske kawai zai ƙara masa, ba zai taɓa ko gashin gira ba.

Na asalin kuwa a wayarka kaɗai yake a duk duniya. Shi na roƙe ka jiya, shi na sake roƙonka da safen nan. Ka ce ba za ka bari duniya ta ga Baba da yawu a haɓa ba. Ka ce abokan aikinka da surukanka duk sun yaɗa wancan, da wane ido za ka ce musu ga ainihin ubanka. Ka ce Baba da kansa bai yarda a gan shi haka ba, kuma amanarsa ka ci da ka ɗauka, ba za ka ƙara da tallata shi ba. Wannan ta ƙarshen na yarda da kai, ita ce ma ta sa ban zage ka ba. Na san ba wulaƙanci ya sa ka gyara hoton ba. Rabonka da Baba ido da ido tun yana tuƙa kansa zuwa kasuwa, kuma na san ranar kiran bidiyon nan da ka ce layi ne ya yanke, kuka ka je ka yi, Amarya ta faɗa mini. Kai wancan Baban ka riƙe a zuciya, ba laifi. Amma ni ce nake goge wannan haɓar kullum safe, ni nake ba shi abinci ta gefen bakin da ke motsi, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Auta. Garin neman gira muna nema mu rasa ido.

In Allah ya sa aka gan shi ya ji an manna fuskarsa a gari ya yi fushi, ka ce ni ce. Ya zage ni da maganarsa da ba ta fita, ya jefe ni da sanda, wallahi da murna zan karɓa. Surukanka kuma in mutanen kirki ne za su taya ka addu'a, in ba na kirki ba ne, to ba su kai a bar tsoho a titi saboda su ba. Ka turo hoton yadda yake, kada ka sa masa hannu, kada ka ce bari ka ɗan share yawun. Sannan ka sauke wancan daga duk inda ka sa shi, ka gaya wa mutane da bakinka cewa an yi kuskure, ga wanda ake nema.

Akwai abin da ban faɗa maka a waya ba, domin ka kashe kafin in kai wurin. Ɗazu da hantsi wani da ya ji labarin cigiyar ya kira Baban yara daga asibitin wani gari da ke kan babban titin nan, tafiyar rabin yini daga nan. Ya ce an kawo musu wani tsoho da mota ta buge, ya cika kafin a iso da shi, ba takarda a jikinsa, ba wanda ya zo nemansa, yana ɗakin ajiye gawa. Baban yara ya tura wa ma'aikacin ɗakin takardar cigiyarka. Mutumin ya shiga ya duba ya fito, ya ce mu kwantar da hankalinmu, ko kusa ba shi ba ne. Inna ta yi sujada a tsakar gida, Gwaggo na ta hamdala, Kawu har ya ci abinci. Ni na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na ce Baban yara ya sake kira a kwatanta masa da baki, mutumin ya ce fuskar ta bugu ta kumbura, kwatance ba zai yi ba, sai dai hoto na gaskiya ko wani nasa ya zo ya duba, kuma ba za su daɗe suna ajiye gawar da ba mai ita ba. Inna ba ta san wannan ba, kada ka kuskura ka faɗa mata.

Gobe da sassafe zan shiga mota. Na ce wa Inna wata tasha zan je dubawa. In hoton ya iso kafin nan, zan tura wa mutumin ya shiga ya gwada, ko Allah zai sa ya ce ba shi ba ne a karo na biyu, in samu abin da zan yarda da shi. In bai iso ba, ni zan je in ɗaga mayafin da hannuna.

Ka gaishe mini da Amarya, ka ce na gode da kiran da take yi wa Inna kullum. Ka shafa mini kan Mai-sunan-Baba da 'yar autarku, ka sa su yi wa kakansu addu'a, bakin yara ba ya faɗuwa ƙasa. Inna tana sa maka albarka, Gwaggo da Kawu da Baban yara duk suna gaishe ka. Allah ya bayyana mana shi da rai da lafiya, ya sa kada mu yi da na sani.

Wayata tana hannuna, ba zan ajiye ta ba.

Taka har kullum,
Yayarka