Golmon Yakubu

Lahadi, 2 ga Yuni, 2024
Yau ma Baban Japhet bai je coci ba. Tun da likita ya ce idanunsa ba za su dawo ba, ya tura Littafi Mai Tsarkinsa ƙarƙashin katifa, addu'ar safe ma ya daina. Mutumin da ya yi shekaru yana tashina da asuba kamar har yanzu muna bariki! Yanzu sai zaman gindin mangwaro, tuwo ma sai na yi da gaske yake ci. Kullum ina roƙa masa ido, safe da yamma. Amma tsorona na gaskiya shi ne kada mijina ya tafi yana fushi da Allah.

Laraba, 5 ga Yuni
A zumuntar mata, Mama Jessica matar fasto ta koya mana wata irin addu'a. Wai ki karanta labari a hankali, ki rufe ido, ki shiga ciki. Me kike gani, me kike ji, a ina kike tsaye? Na gwada da labarin Bitrus a kan ruwa. Ni da ban taɓa ganin teku ba, sai ga Bitrus a rafin ƙauyenmu, ruwa iya gwiwa, yana ihu zai nitse. Dariya ta ƙwace mini a tsakiyar addu'a. Allah ya gafarta.

Alhamis, 6 ga Yuni
Na yi wauta. Na zaɓar masa labarin makahon nan na hanyar Yariko, har da cewa ya rufe ido. Ya ce, "Alice, wane idon zan rufe?" Can kuma, "Shi an buɗe mishi. Ni fa?" Ya juya mini baya. Garin neman gira... kai, ko karin maganar ma ba ta dace da gidan nan ba.

Talata, 11 ga Yuni
Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bai yi magana ba, ni ma na ƙi. Ba shi kaɗai ya iya taurin kai ba.

Juma'a, 14 ga Yuni
Na zauna kusa da tabarmarsa ina karatu da ƙarfi, wai don kaina. Labarin Yakubu da ya yi wa Laban aiki shekara bakwai saboda Rahila. Na rufe ido ina faɗin abin da nake gani, Yakubu shi kaɗai a daji da tumaki. Sai na ji murya daga tabarma: "Ke ba ki san komi ba. Golmo ya yi." Wato irin noman da samarinmu suke yi wa uban yarinya shekara da shekaru kafin a ba su ita, wanda shi ma ya yi a gonarmu a Dabai kafin ya shiga soja. Na ce ai kiwo aka rubuta. Ya ce, "To Laban bai da gona? Mi suke ci?"

Ya ƙwace labarin daga hannuna. Ga abokan Yakubu sun jeru da fartanya, ga gumi, ga ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga Laban a bakin kunya, hannu a baya, yana neman ciyawar da aka bari. Na gane wannan Laban ɗin. Babana ne, Allah ya jiƙansa, har da hular.

Alhamis, 20 ga Yuni
Kowace safiya yanzu, "Ina muka tsaya?" Ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya ga Ubangiji a gonar. Sai ya ce yana nan, a kunyar da ke kusa da tasa, yana noma. "Ban yi mishi magana ba tukuna. Shi ma bai matsa mini ba."

Lahadi, 23 ga Yuni
Yau ya yi wa Ubangiji magana. Da yarenmu na C'lela, ƙasa-ƙasa, da farko kamar faɗa. Na ɗauki bokiti na ba su wuri.

Litinin, 1 ga Yuli
Yau Rahila ta kawo kunu gona. Ya ce ga ta can tafe, tana taku kamar ba ta san ana kallonta ba, ta yi murmushi wushiryarta ta fito. Na ce babu inda aka ce Rahila tana da wushirya. Ya ce, "Tawa tana da." Ya lalubo hannuna, wai tun da idon ya tafi bai ƙara ganin furfura ko ɗaya a kaina ba. Tsoho da rashin ta-ido! Na ce ya sakar mini hannu miya za ta ƙone, alhali ko wuta ban hura ba.

Sai da na zauna rubutu na tuna yau ban roƙa masa ido ba. Ina jin jiya ma haka. Ya ce a goge masa farar rigarsa ta zuwa coci kafin Lahadi. Na tashi na zuba gawayi a dutsen guga.